Chauvin ya ce juri sun yi masa son kai, ni dai ban gani ba

Duk sanda aka tada maganar ɗaukaka ƙarar Derek Chauvin, ɗan sandan nan da ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har ya mutu a Minneapolis ran 25 ga Mayun 2020, sai ka ji ana cewa ai irin wannan ko saurarensa bai kamata a yi ba. A'a, a saurare shi mana, kotu ai ba ta mutanen kirki kaɗai ba ce. An kuwa saurare shi ɗin, ƙorafin ne bai kai ba.

Mu a nan alƙali ne ke jin shaidu ya yanke. Can Amurka mutum 12 ake tsamowa daga cikin gari, su ake kira juri, su za su ce ka aikata ko ba ka aikata ba. To lauyoyin Chauvin cewa suka yi tsoro da surutun gari sun riga sun cika kunnen mutanen nan tun kafin su zauna.

Kuma gaskiya ba haka kawai suka faɗa ba. Ana tsaka da tantance jurin a watan Maris na 2021 sai hukumar birnin ta sanar da biyan iyalan Floyd diyyar dala miliyan 27, wallahi na rasa gaggawar me suke yi, sai da alƙali Peter Cahill ya sallami mutum biyu da aka riga aka zaɓa saboda sun ce labarin ya taɓa su. Harabar kotun an zagaye ta da waya mai ƙaya ga sojoji a tituna, ana cikin shari'ar kuma wata 'yar sanda ta harbe wani matashi baƙar fata, Daunte Wright, a kusa da birnin, gari ya sake rikicewa, ga 'yar majalisa Maxine Waters ta zo tana zuga masu zanga-zanga har shi Cahill ɗin ya ce ta yiwu ta ba lauyoyin abin ɗaukaka ƙara. Bayan an same shi da laifin kisa kuma sai tsohon hoton ɗaya daga cikin jurin ya fito yana wajen gangamin neman haƙƙin baƙar fata a Washington.

To amma da lauyoyin suka ce a mayar da shari'ar wani gari, wane garin? Bidiyon abin da ya faru da wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka har a rumfar mai cajin waya a Kano an kalle shi. Minti tara da sakan 29 gwiwa na kan wuya, mutum na kiran mahaifiyarsa. Shugaban 'yan sandan birnin da kansa ya shiga kotu ya ce wannan ba koyarwarsu ba ce. Ko a ina aka zauna abin da za a nuna wa juri kenan. Shi ya sa ban yi mamaki ba da kotun ɗaukaka ƙara ta Minnesota ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2023, Kotun Ƙolin Amurka kuma a Nuwamba ta ƙi ma karɓar ƙarar. Ɗaurin shekara 22 da rabi da aka yi masa na nan daram, balle shi da bakinsa ya amsa laifin tauye haƙƙin Floyd a kotun tarayya aka ba shi 21.

Mai son ganin yadda son kai yake a zaɓen juri ya nemi labarin Curtis Flowers, wani baƙar fata a Mississippi da aka zarga da kashe mutum huɗu a shagon kayan ɗaki a 1996. Sau shida ana gurfanar da shi, mai gabatar da ƙara guda ɗaya, kuma cikin baƙaƙen fata 42 da za su iya zama a jurin mutumin nan ya cire 41. Wannan ba sai an yi ta kame-kame ba, lissafi ne a takarda. A 2019 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, a 2020 aka janye tuhumar, bayan ya shafe kusan shekara 23 a tsare, mafi yawansu yana jiran a kashe shi.