Ba ƙwarewa kaɗai ke kawo kuɗin talla ba

Na karanta labarin nan, amma ban yarda da cewar da kuka yi ƙwarewa ce ke yanke kuɗin tallan 'yan wasan jami'o'in Amurka ba. Tun da hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta buɗe wa 'yan wasa ƙofar karɓar kuɗin talla ranar 1 ga Yulin 2021, kamfanoni yawan idon da ke kan yaro suke saye. Ku dubi Livvy Dunne, wadda ta yi wasan lanƙwasa jiki a jami'ar LSU da ke jihar Louisiana. Ba ita ce gwanar gwanaye a ƙungiyarsu ba, amma miliyoyin mabiyanta a TikTok da Instagram sun sa ta sha gaban kusan kowa. Shi kuwa Arch Manning, ɗan ƙwallon ƙafa irin na Amurka, tun yana zaman benci a jami'ar Texas aka yi ta rububinsa, albarkacin sunan baffanninsa Peyton da Eli, shahararrun 'yan wasan nan. Caitlin Clark, 'yar ƙwallon kwando, ita ce ta haɗa biyun, ga gwaninta ga farin jini, shi ya sa Nike da Gatorade suka ɗauke ta tun tana jami'ar Iowa.

Girman makaranta ma na da tasiri, domin tsofaffin ɗalibai attajirai kan yi karo-karo su jawo yaro.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, ba ku taɓo ɗaliban ƙetare ba. Ɗan ƙanwata yana ƙwallon kwando a can da bizar karatu ta F-1, wadda ta taƙaita masa aikin kuɗi. Wani mai gidan abinci ya nemi ya sa hotonsa a allon talla, dole ya haƙura, abokin ɗakinsa Ba'amurke ya karɓa.