Mutumin nan mai gashin baki

A bakin titin Samaru, can kusa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, akwai masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a kan buhu. Wata yamma ina tsugune gaban wani dattijo daga cikinsu ina juya tulin littattafan da rana ta kodar da bangonsu, sai ga wata ɗaliba ta tsaya.

"Baba, sannu da kasuwa. Akwai wani na mutumin nan mai gashin baki?"

Ba ta ambaci sunan littafi ba, ba ta ambaci marubuci ba. Shi ma dattijon bai nemi ƙarin bayani ba. Ya cusa hannu ƙarƙashin tulin ya zaro guda biyu, ya karkaɗe musu ƙura, ya duba na farko ya ajiye. "Wannan kin karanta, 'yata, na cikin jirgin ƙasa ne. Ungo wannan." Ta biya ko tayi ba ta yi ba.

Mai gashin bakin nan Hercule Poirot ne, ɗan sandan ciki ɗan ƙasar Beljiyam da Agatha Christie ta ƙirƙiro a littafinta na farko a 1920, ta kuma yi ta dawo da shi har cikin littattafai 33. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yarinyar ta neme shi kamar mai cigiyar wani ɗan unguwarsu. Ina ganin a nan sirrin irin waɗannan labarai yake, kuma darasi ne da marubutanmu na Hausa ba su ɗauka da muhimmanci ba har yanzu.

Labarin bincike kaya ne mai saurin ƙarewa. An yi kisa ko sata, ana zargin mutum biyar ko shida, a shafin ƙarshe a nuna maka mai laifi. Da zarar ka san shi, kacici-kacicin ya mutu, kamar rake ne da aka tsotse. Tambayi duk wanda ya karanta goma daga cikin irin waɗannan littattafai ya faɗa maka wa ya yi kisan a na huɗu, da wuya ya tuna. Amma zai ba ka labarin mai binciken tiryan-tiryan: yadda yake gyara gashin bakinsa, yadda ba ya jure ganin abu a karkace a kan tebur, yadda yake barin mutane su yi ta zuba har su tona kansu. Mai karatu na sayen littafin farko don ya san wa ya aikata. Na biyu da na goma kuwa zumunci ne yake kai shi.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan. Wane yaro ne ya taɓa cewa ya gaji da Gizo? Kaka na cewa "ga ta nan ga ta nanku", ta ambaci Gizo da Ƙoƙi, yara sun riga sun fara murmushi, don sun san halinsa, sun san zai yi kwaɗayi, zai shirya dabara, zai yi tsamin baki. Daɗin yana wurin ganin ta wace hanya halin da aka sani zai ɓullo a yau. A nan Zariya ma, inda Hukumar Talifi ta shirya gasar 1933 da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, Abubakar Imam ya gane wannan sarai. Labaran Magana Jari Ce daban-daban ne, sarakuna da ɓarayi da 'yan kasuwa suna shigowa suna fita, amma aku ɗaya ne ya riƙe littattafan uku. Mai karatu ya saba da bakinsa, shi ya sa yake biye da shi duk inda ya nufa.

Sai dai mai bincike yana da wani abu da Gizo ba shi da shi, kuma a ganina shi ne ya fi komai jan mutane. Gizo mai cuta ne. Mai bincike kuwa shi ne wanda ake kira bayan an yi cutar. Muna cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma kowa a garin nan ya san wanda aka fasa wa shago ko aka ɗauke wa babur, ya yi ta zirga-zirga har ya gaji ya ce ya bar wa Allah, ranar tasa ba ta zo ba. Ni ma an taɓa ɗauke mini keke a ƙofar masallaci, na kai ƙara, aka rubuta a takarda, daga nan ban sake jin ɗuriyar maganar ba. Littafin bincike yana ba ka mutum guda wanda ka tabbata ba zai gaji ba, ba za a saye shi ba, kuma ba zai raina mai ƙara don talaka ne ba. Irin wannan amana ba ta ginuwa a littafi ɗaya. Sai ka gan shi sau uku, sau biyar, an gwada shi da kuɗi, an gwada shi da barazana, bai canja ba, sannan zuciyarka ta kwanta da shi. Mutum ma haka ake sanin sa, da zama.

Na san abin da masu suka za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya: sabo turken wawa. Marubucin da ya samu tauraron da kasuwa ke so yana iya kwantawa, ya riƙa ɗumama tuwon jiya yana canja masa miya. Su kansu marubutan sukan ji an ɗaure su. Arthur Conan Doyle ya fito da nasa mai binciken, Sherlock Holmes, a 1887, kafin shekara shida ya ƙosa da shi, yana ganin ya hana shi rubuta littattafan tarihi da ya fi daraja a idonsa. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta: a 1893 ya jefa shi a wani magangarin ruwa a ƙasar Suwizalan. Masu karatu suka ƙi haƙura. A 1901 ya dawo da shi a wani labari da ya ce ya faru kafin mutuwar, a 1903 kuma ya fito fili ya ce ashe bai mutu ba. Ya ƙare da littattafai 4 da gajerun labarai 56 a kansa. Christie ma ta rubuta mutuwar Poirot tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta kulle rubutun sama da shekara 30. Da aka buga shi a 1975, jaridar New York Times ta sa ta'aziyyarsa a shafin farko, ta'aziyyar mutumin da bai taɓa shaƙar iskar duniya ba.

Amsata ga masu sukar ita ce laifin na malalacin marubuci ne. Georges Simenon ya rubuta littattafai 75 a kan Maigret, ɗan sandan birnin Faris mai lofe, daga 1931 zuwa 1972, kuma abin da ya hana su gundura shi ne kowane littafi sabuwar ƙofa yake buɗewa: yau gidan masu jiragen ruwa, gobe ɗakin wani akawu da ya ɓoye wa matarsa cewa an sallame shi daga aiki. Tunda an riga an san mai binciken, marubuci ba ya ɓata shafi hamsin wajen gabatar da shi, sai ya zuba ƙarfinsa kan mutanen da aka shiga gidansu. Tsayayyen tauraro kamar ɗan rakiya ne da ka yarda da shi, da shi kake iya shiga lungun da ba ka sani ba.

To ina namu? Adabin kasuwar Kano ya cika kasuwanni tun shekarun 1980, yanzu kuma ya koma WhatsApp da YouTube, masu karatu da masu saurare ba iyaka. Amma abin da muka saba da shi labari ɗaya ne a datsa shi gida uku ko huɗu, a tsaya a daidai inda rai ya tashi, a ce mu haɗu a littafi na biyu. Wannan riƙe mai karatu ne da yunwa. Ɗaya hanyar kuwa a ƙosar da shi ne, a ba shi cikakken labari mai farko da ƙarshe, ya dawo da ƙafarsa don yana kewar mutumin. Taurarinmu da an ɗaura aure ko asiri ya tonu, shi ke nan an sallame su. Kuma kada a ce mutanenmu ba sa son irin wannan: dattawan Sabon Gari da Tudun Wada da suka yi samartaka a ƙarshen shekarun 1960 har yau suna tuna Lance Spearman, mai binciken nan na mujallar hotuna ta African Film, da malafarsa da sigarinsa, ko da sun manta da wa ya fafata.

Ba na son a ɗauko Bature a sa masa babbar riga a ce an yi mana ɗan sandan ciki. Garin nan cike yake da mutanen da aikinsu ya koya musu lura. Ga mai unguwa da ya shekara talatin yana raba rigimar gado da ta iyakar gona, ya san wanda ke rantsuwa da gaskiya daga yadda ya zauna a zaure. Ga tsohon ma'aikacin reluwe da ya san kowane lungu daga tasha zuwa Kwangila. Wadda ta fi burge ni kuwa dillaliya ce. Alexander McCall Smith ya nuna tun 1998 cewa mace mai hankali a Botsuwana, ba bindiga ba mota mai gudu, tana iya riƙe jerin littattafai masu yawa, kuma tamu ta fi tasa dama. Ita ce ke wuce zauren da aka rubuta "ba shiga", inda ɗan sanda zai tsaya a waje. Ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye da wadda ta sayi atamfar da ta fi ƙarfin mijinta. Ana kiranta Inna ko Gwaggo, ana ba ta tabarma da ruwa, ana magana a gabanta ba tare da an ɗauke ta a bakin komai ba.

A ba ta suna, a ba ta gida a cikin ganuwa wajen Ƙofar Gayan, da ciwon gwiwa, da jika mai wayar hannu da zai riƙa rubuta abin da ta gano, da wani rauni nata na kanta da zai riƙa biyo ta daga littafi zuwa littafi. A littafin farko a sace kayan lefe kwana uku kafin biki. Ta ajiye ƙullinta a tsakar gida, ta gaisa da kowa, ta tambayi wa ya share ɗakin da safe.