Abin da aka nuna ba shi ne abin da ake da shi ba

Mutane da yawa suna ɗauka duk abin da aka baje a bainar jama'a shi ne ma'aunin abin da mai shi ya mallaka. Ba haka ba ne, kowane nuni da manufarsa.

Gidan adana zane-zane kaɗan yake fitarwa daga abin da ya tara. Zanen takarda haske na cin launinsa, in ya koɗe kuma ba ya dawowa. Shi ya sa ake rage hasken ɗakin zuwa kusan lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), bayan 'yan watanni a mayar da zanen ma'aji a fito da wani.

Faretin soja kuwa saƙo ne ga abokin gaba, don haka akan ƙara gishiri. A bikin jiragen sama na Yulin 1955 a Mosko, Tarayyar Sobiyet ta sa jiragenta masu jefa bam samfurin M-4 suka kewayo suka sake wucewa. Amurkawa masu ƙirge suka zaci jiragen suna da yawa, hankali ya tashi. Sai da jirgin leƙen asirin Amurka U-2 ya fara ɗauko hotunan sansanonin Sobiyet a 1956 aka soma gane ba su kai haka ba.