Ruwan sikari da ƙudan zuma: watan Maris ɗinsu ba namu ba ne

Da na tura wa yayana hoton bokitin ruwan sikari kife a kan akwatin zumata, amsarsa ita ce: "Ashe Turawa ma algus suke yi?" Ban ga laifinsa ba. Mun sha sayen narkakken sikari a tasha da sunan farar saƙa, shi ya sa a wajenmu da an ambaci sikari kusa da zuma hankali yake tashi.

Amma a nan Yorkshire, arewacin Ingila, Maris watan yunwa ne ga ƙudan zuma. Duk tsawon hunturu a dunƙule suke cikin akwati suna cin ajiyarsu, wadda ake so ta kai kamar kilo 20 kafin sanyi ya kankama. Da yini ya fara tsawo sai sarauniya ta kama zuba ƙwai, bakuna su ƙaru, rumbu kuwa ya kusa ƙarewa, ga shi in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 ba sa iya fita kiwo sosai. Dattijon da ya koya mini sana'ar ba ya buɗe akwati a irin wannan lokaci. Hannu yake sa wa ya ɗan ɗaga shi ta baya. In ya ji shi sakayau, sai ya dama farin sikari kilo ɗaya a ruwan ɗumi lita ɗaya, ya kifa musu bokitin mai 'yan ƙananan huda da yamma lis, don kada ƙudan maƙwabta su ji ƙanshi su kawo hari. Jan sikari kam ba ya ba su, zawo yake sa su.

Bara na makara da akwati guda. Da na buɗe, sai na tarar da su a mace, kowanne ya cusa kai cikin ramin saƙa yana neman ɗigon ƙarshe. Har yau abin yana ci mini rai. Tun daga ranar nake ganin ciyar da su haƙƙi ne a wuyan wanda ya kwashe musu zuma.

Algus yana farawa ne in an ci gaba da ba su bayan an ɗora akwatin saman da ake girbewa, domin za su adana sikarin a saƙa tamkar zuma. Matsalar ba ƙarama ba ce a kasuwa: a 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon gwajin samfurin zuma guda 320 da aka shigo da su daga waje, kashi 46 cikin 100 ana zargin an gauraya su.

Abin da ke damuna shi ne matasanmu masu kallon bidiyon Turawa a YouTube, su ji an ce a ciyar a "bazara", su ɗauka bazararmu ake nufi. Ina! Mu a rani mangwaro da kaɗanya suke fure, ɗorawa ta fid da tutu, Maris da Afrilu kuwa amya cike take, lokacin ɗiba ne. Wanda ya zuba ruwan sikari a wannan lokaci ya lalata zumarsa da hannunsa. Kuma halin ƙudanmu daban: na Turai sukan zauna yunwa ta kashe su, namu in wuri ya yi tsanani sai su tattara su bar maka amya wayam. Ƙishirwa da wutar da ake cinna musu wajen ɗiba sun fi korar su.

Na roƙi yaya ya ajiye kasko da ruwa a gindin ɗorawar gonarmu, ya zuba tsakuwa a ciki don su sami wurin sauka, in ya zo ɗiba kuma ya yi da hayaƙi, ya bar musu saƙar da ke da 'ya'ya.