A tura ɗaliban shari'a gidajen yari su koyi aiki

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. A cikinsu akwai wanda ya shafe shekarun da suka zarce hukuncin laifin da ake zarginsa da shi. Akwai wanda aka ba beli amma danginsa ba su ma san inda yake ba, balle su tsaya masa. Akwai wanda fayil ɗinsa ya maƙale yana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. A gefe guda kuma jami'o'inmu cike suke da ɗaliban shari'a da na nazarin hulɗar ƙasashe, masu haddace sassan doka don jarrabawa, da yawansu ba su taɓa zama gaba da gaba da wani tsararre ba. Ina ganin lokaci ya yi da za a haɗa waɗannan ɓangarori biyu da gaske, a mayar da sanin makamar aiki a fagen kare haƙƙin ɗan Adam wani sashe na karatun da ake ba maki.

Dokokin suna nan. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar masu laifi ta 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, ta taƙaita umarnin tsarewa na farko zuwa kwana 14, ta kuma ɗora wa alƙalan majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata. Jihar Kano ta yi irin tata a 2019. Dokar hana azabtarwa ta zo a 2017. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai bin sawu. Hukumar ba da agajin shari'a da aka kafa a 1976 ba ta da lauyoyin da za su wadaci ƙasar, kuma talaka ba shi da kuɗin ɗaukar na kansa.

Ɗalibi ba zai tsaya gaban alƙali ba, wannan haƙƙin lauyan da aka rantsar ne. Amma yawancin abin da ke fitar da mutum daga tsare ba a zauren kotu ake yinsa ba. Zama ne da tsararre a ji labarinsa da harshen da yake ji, a rubuta ranar da aka kama shi da ranar da aka kai shi kotu ta ƙarshe, a bi rajistara a gano fayil, a nemo ɗan'uwansa a ƙauye, a tsara takardar neman beli lauya ya duba ya sa hannu. Duk wannan ɗan aji huɗu zai iya. Kuma wanda ya yi shi wata uku ba zai sake kallon ɗage shari'a a matsayin ƙaramin abu ba, ko da gobe ya zama alƙali ko mai gabatar da ƙara. Wannan ne ya fi damuna: daga cikin ɗaliban nan za a sami masu sa hannu a takardar tsare mutane nan da shekara ashirin.

Ba daga tushe za a fara ba. Ƙungiyar NULAI mai bunƙasa agajin shari'a a jami'o'in Najeriya, da aka kafa a 2003, ta taimaka wajen buɗe cibiyoyin agajin shari'a na ɗalibai a jami'o'i, Jami'ar Maiduguri na cikin na farko, ABU Zariya da Bayero ma suna da nasu. Sai dai aikin ya dogara sosai da sa-kai da tallafin masu ba da agaji.

Su kuwa ɗaliban hulɗar ƙasashe, da yawa idonsu na kan Geneva da New York, inda manyan ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya suke. Ba laifi ba ne, amma kotun ECOWAS tana nan Abuja, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka tana Banjul. A 2008 kotun ECOWAS ta sami gwamnatin Nijar da laifin gaza kare Hadijatou Mani daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Ƙungiyar Timidria ta cikin gida, mai yaƙi da bauta a Nijar, ita ce ta tsaya mata tun daga ƙauye kafin maganar ta kai can. A irin waɗannan ƙungiyoyi ɗalibi ke ganin yadda yarjejeniyar da ya karanta take shafar rayuwar mutum ɗaya.

Na san za a ce babu kuɗi, kuma ɗalibi na iya ɓata shari'ar wani ko ya tona sirrinsa. Tsoron na biyu gaskiya ne, maganinsa kuwa lauya mai lasisi da zai kula da kowane rukuni, da horo kan riƙe sirri kafin a taka ƙofar gidan yari. Na farkon kuma dole a fuskance shi, domin in aka bar aikin ba ko kuɗin mota, 'ya'yan masu hali kaɗai za su iya zuwa, alhali ɗan talakan da ya san yadda ake shan wuya a caji ofis shi ne zai fi amfani a wurin. Tsangayoyin shari'a su ware kuɗin zirga-zirga a kasafinsu, rassan ƙungiyar lauyoyi ta NBA su ba da masu kulawa, manyan alƙalan jihohi kuma su riƙa tafiya da rahoton ɗaliban a hannu duk lokacin da za su kai ziyarar rage cunkoso.