Ƙodar da aka ba ki kyauta, kada ƙwayar kemis ta cinye ta

Na ga bidiyon Hajiyar nan mai "wayar da kan mata" a kan ciwon sanyi, na kuma ga amsar da ta ba baiwar Allahn da ta ce bara aka yi mata dashen ƙoda. Wai ta sayi fulkonazol, maganin fangas, mai miligiram 200 ta riƙa sha kullum har sati biyu, "ai maganin sanyi ne, ina ruwansa da ƙoda." Ma sha Allah. An zama likita cikin minti uku, ba jami'a, ba ɗakin gwaji, sai fitilar ɗaukar hoto da hayaƙin turaren wuta. Ƙasan bidiyon kuma kowa na cewa Allah ya ƙara basira. Amin, don ana bukatarta.

Hajiya, da ruwansa har da tsakinsa.

Wanda aka yi wa dashe yana shan maganin danne garkuwar jiki muddin ƙodar nan tana jikinsa. Mafi yawa takrolimus ne, wanda kuka sani da Prograf, safe da dare, tsakaninsu awa 12. Wasu saikulosforin suke sha, wato Neoral. Yaran da ƙodarsu ke zubar da furotin a fitsari har fuska da ƙafa su kumbura, su ma akan ɗora wasu a kan ɗayan biyun. Takrolimus ba farasitamol ba ne da za a ce ɗaya ko biyu duk ɗaya. A jini ake auna shi, da nanogiram a kowace mililita, kuma bayan watannin farko yawanci ana so ya zauna tsakanin 5 da 10, gwargwadon abin da likitan mutum ya tsara. Ya yi ƙasa, jiki ya far wa sabuwar ƙodar. Ya yi sama, shi da kansa ya shaƙe ƙananan jijiyoyin da ke kai mata jini. Hanyar siririya ce, rami hagu, rami dama.

To, abin da ke hana shi taruwa wani sinadari ne da ke hanta da bangon hanji, sunansa CYP3A4. Shi ne injin niƙan da ke cinye kaso mai yawa na maganin tun kafin ya isa jini, ya kuma share ragowar. Likita da ya ce ki sha miligiram 2 da safe, 2 da dare, ya yi lissafinsa ne a kan cewa injin nan yana aiki. Fulkonazol kuwa tsakuwa yake jefawa a cikin injin. Ƙwayar ba ta canza ba, adadin bai canza ba, amma abin da ke zaune a jini ya ninka. Takardar da ke cikin kwalin Diflucan (sunan kasuwa na fulkonazol), wadda muke yarwa tun a ƙofar kemis, ta faɗa ƙarara cewa takrolimus ɗin da ake sha ta baki zai iya ninkawa har sau 5. Mai lamba 7 sai ta wayi gari da 20 ko fiye, alhali ba ta ƙara ko rabin ƙwaya ba.

Sai hannu ya fara rawa, kofin shayi na kaɗawa a kan faranti. Kai ya ɗauki ciwo, barci ya ƙaura, hawan jini ya tashi, sukari ya tashi, fitsari ya ragu. A jini kiriyatinin (dattin da ƙoda ke tacewa, da shi ake auna aikinta) da fotasiyam suna hawa, fotasiyam kuwa idan ya yi yawa bugun zuciya yake hargitsawa. Idan abin ya yi tsanani har jijjiga ana yi. Mu kuma mun san me za a ce a gida: zazzaɓin cizon sauro ne. A koma kemis ɗin dai, a haɗo da daikulofenak ko ibufurofen don ciwon kai, waɗanda su ma abokan gabar ƙoda ne. An kashe maciji? A'a, an ƙara masa dafi.

Na san masu cewa "ai ƙwaya ɗaya ce mai 150, kowa na sha." Ba kowa ke ɗauke da ƙodar ƙaninsa ba. Gaskiya ne, ƙwaya guda sau ɗaya tasirinta bai kai na 200 kullum ba, kuma akwai lokacin da likitan ƙoda zai amince da ita. Amma shi zai amince, ba mai bidiyo ba. Kuma wa ke tsayawa a ɗaya? Ana sha yau, a maimaita bayan kwana uku, a mayar da shi na kowace Juma'a. Fulkonazol na ɗaukar kusan awa 30 kafin rabinsa ya bar jiki, kusan kashi 80 cikin 100 kuma ta fitsari yake fita. Ƙoda mai rauni ba ta fitar da shi da wuri, shi ya sa idan awon tacewarta ya sauka zuwa 50 ko ƙasa ake rage adadin kullum zuwa rabi. Wato raunin ƙodar na tara fulkonazol, fulkonazol na tara takrolimus, takrolimus na ƙara raunana ƙodar.

Sai masu ilimin rabi: "ai har da gangan likitoci ke haɗa ketokonazol, ɗan'uwan fulkonazol, da magungunan danne garkuwa don a rage kuɗi." E, an yi haka, a ƙasashen da maganin ya fi ƙarfin aljihu. Amma da rage adadi aka yi, da awon jini a kai a kai. Kuma tun 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka taka wa ketokonazol na sha birki saboda yadda yake lalata hanta. Ku bar wannan zancen.

Ba cewa nake kada mai dashe ya sha maganin fangas ba. Su ne ma suka fi kamuwa, tunda an danne garkuwarsu: farin abu a harshe, ƙaiƙayin gaba, makero, kyasbi. Wani lokacin ba makawa sai an ba da shi, amma da tsari. A auna takrolimus kafin a fara. Likita ya rage adadi idan da bukata: da borikonazol ko fosakonazol, su ma magungunan fangas ne, ana mayar da takrolimus kashi ɗaya cikin uku tun ranar farko, saikulosforin kuma rabi idan borikonazol ne. A sake awo bayan kwana 3 zuwa 5, tare da kiriyatinin da fotasiyam. Ga kuma inda aka fi faɗawa rami: ranar da aka daina maganin fangas. Injin niƙa zai farfaɗo cikin kwana 4 zuwa 5 ko ɗan fiye, idan kuma an bar takrolimus a ragaggen adadi, sai ya faɗi warwas, jiki ya ƙi ƙodar shiru, ba zafi ba ƙaiƙayi. Farawa da awo, dainawa da awo.

Sau da yawa ma ba a bukatar ƙwayar. Nistatin na ɗigawa a baki hanji ba ya tsotse shi, ba ya taɓa takrolimus. Man shafawa a fata abin da ke shiga jini kaɗan ne. Amma man baki mai suna Daktarin da ƙwayar tsotso ta kulotirimazol ana haɗiye su, suna kuma ɗaga takrolimus. Duk sunan da kika ga ya ƙare da "azole" a kwali, ki ajiye, ki kira asibitinki.

Don Allah, 'yar'uwa, idan wannan rubutu ya iso gare ki kuma kin riga kin fara sha, kada ki daina takrolimus da kanki don tsoro. Ki kira likitanki yau, ki faɗa masa miligiram nawa, kwana nawa, ki je a ɗebi jini. Wani ne ya kwanta aka yanka shi saboda ke. An sayar da fili, an yi karo-karo, an yi watanni ana jigilar wankin ƙoda kafin a kai nan.

Af, tunda na ambaci ɗibar jini: masu haɗiye ƙwayar safe sannan su hau adaidaita zuwa ɗakin gwaji, kuɗinku kawai kuke zubarwa. Awon na kafin shan magani ne, awa 12 bayan na dare. Ku sa ƙwayar a aljihu da gorar ruwa, a cire allura sannan ku sha. Kuma masu zuwa dubiya da ledar kayan marmari, ku cire garehul daga ciki, shi ma injin nan yake toshewa. Ku kawo tuffa.