Me ya sa kulob ɗin unguwa ke mutuwa a wajenmu, na ƙauyen Jamus kuma ya shekara ɗari yana nan?

Duk wanda ya taso a Kano ko Kaduna ko Jos zai iya lissafo maka kulob-kulob na unguwa da suka yi tashe a zamaninsu, aka riƙa cika fili ana kallonsu har da masu hawa katanga, amma yau ko jesinsu ba za ka samu ba. Kuma in ka bi labarin kusan iri ɗaya ne, akwai wani Alhaji ko wani ɗan siyasa da ke ɗauke da kulob ɗin a aljihunsa, shi ne jesi shi ne bal shi ne kuɗin mota, ranar da kasuwa ta juya masa baya ko ya faɗi zaɓe ko Allah ya yi masa rasuwa shikenan ƴan wasa su watse kowa ya kama gabansa. Ba ma ƙanana kaɗai ba, Raccah Rovers ta Kano ita ta ci gasar lig ta ƙasa a 1978, yau sai dai a ba yara labarinta.

Ni a jihar Hessen nake zaune a Jamus, wani ɗan gari da bai da nisa da Frankfurt, kuma abin da ya fi tsaya min a rai game da ƙwallon ƙasar nan ba Bayern ba ce ba kuma Dortmund ba, ƙananan kulob ɗin nan ne da babu mai nuna su a talabijin. Hukumar ƙwallon Jamus, DFB, tana da kulob wajen dubu 24 a ƙarƙashinta da mambobi sama da miliyan 7, kuma mafi yawansu na ƙauye ne da na unguwa, za ka ga an rubuta 1919 ko 1921 ko 1946 a jikin tambarinsu, shekarar da aka kafa su kenan. Na garinmu ma tun kafin yaƙin duniya na biyu yake. Babban tim ɗinsu yana buga Kreisliga, can ƙasan tsani, ƴan wasan akwai mai gyaran famfo akwai direban bas akwai malamin makaranta, kuma gaskiya in aka haɗa su da wani tim na unguwa a Fagge ko Brigade, namu za su lallasa su ba tare da sun yi gumi sosai ba. Amma nasu yana nan, namu yana mutuwa. Toh me ya jawo?

Yara ne. Wallahi yara ne, ba wani sirri.

Ka je filin ranar Asabar da safe ka gani. Ƴan ƙasa da shekara 7 suna gefe guda, ƴan 8 da 9 suna wani gefen, haka abin yake hawa rukuni-rukuni shekara bibbiyu har zuwa ƴan 18, kowane rukuni da kocinsa, kuma kocin nan yawanci baban wani yaro ne da ya taso daga wajen aiki ya sa rigar tirenin, ba albashi yake karɓa ba. Iyaye mata sun kafa tebur a bakin fili suna sayar da kek da kofi da suka yi a gida, kuɗin kuma akwatin kulob yake shiga. Jesi in an gama wasa a zuba a jaka ɗaya, wannan satin gidan wane za a wanke, sati mai zuwa gidan wane, ni ma jakar tana zuwa gidana tunda yarona yana cikinsu. Akwai wani dattijo da ke tura ƴar keken zana layin fili, gashinsa fari fat, an ce min shi ma a filin nan ya fara yana yaro, ya buga wa babban tim, ya yi koci, yanzu jikarsa ce ke bugawa. Kowane yaro yana biyan kuɗin zama mamba, ba wani mai yawa ba, wanda iyayensa ba su da hali kuma gwamnati na ba da Yuro 15 a wata don irin wannan. Kaga kuɗin kulob daga hannu ɗari yake fitowa, in hannu ɗaya ya janye ba a rufe fili.

Abin da nake so mutanenmu su gane shi ne, cikin yaran nan kusan babu wanda zai zama ƙwararren ɗan wasa, kuma kulob ɗin ya sani, bai kuma dame shi ba. Ba don a sayar da su ake renonsu ba. Yaron nan mai ƙiba da ba ya iya gudu, wanda a wajenmu tun ranar farko koci zai ce masa kai je ka gefe ka riƙa ɗauko mana bal, a nan sai an sa shi ya buga, domin shi ne nan da shekara 20 zai zama ma'ajin kulob, ko alƙalin wasa, ko ya buɗe shago ya sa sunan shagon a jesi, ya kuma kawo nasa ƴaƴan. Mu kuwa gwani ɗaya muke nema cikin yara hamsin, sauran arba'in da taran mu sallame su, alhali su ne kulob ɗin. Kamar manomin da ya cinye irinsa ne, damina ta zo ba abin shukawa.

Kuma gwanayen ma daga nan suke fitowa. Thomas Müller a kulob ɗin ƙauyensu TSV Pähl ya fara kafin Bayern ta ɗauke shi yana ɗan shekara 10. Miroslav Klose, wanda ya ci ƙwallo 16 a gasar cin kofin duniya, har ya kusa shekara 20 yana buga wa wani ƙaramin kulob na ƙauye, SG Blaubach-Diedelkopf, yana koyon aikin kafinta a gefe. Da a ce babu inda zai ci gaba da bugawa yana ɗan 17 don ba a ga alamar zai yi kuɗi ba, da labarinsa ya ƙare a nan. Klose nawa muka zubar a haka?

Ba wai Jamusawa sun fi mu son ƙwallo ba ne, doka ce ta ɗaure abin. A nan Hessen in babban tim ɗinka ya hau wani mataki dole ka nuna kana da tim na yara ko na biyu a ƙarƙashinsa, in babu a zabtare maka maki. Dole kowane kulob ya kawo alƙalan wasa daidai da yawan tim ɗinsa, in bai kawo ba tara. Kowane ɗan wasa, har ɗan shekara 8, yana da rajista a kwamfuta da hotonsa da ranar haihuwarsa. Babba in zai canza kulob akwai lokacinsa, ya sanar kafin ƙarshen watan Yuni, in kulob ɗinsa bai sake shi ba ko a biya ɗan abin da doka ta yanka ko ya zauna jira. Babu zancen yau ya buga wa wannan unguwa gobe ya sa jesin waccan don an ba shi dubu biyu da kwalbar lemo. Bayan Jamusawa sun sha kunya a gasar Turai ta 2000 suka zauna suka gyara, aka tilasta wa manyan kulob buɗe makarantun horar da yara, aka baza cibiyoyi sama da 300 a faɗin ƙasa inda gwanayen yaran ƙauye ke zuwa ƙarin tirenin sau ɗaya a sati ba tare da an raba su da kulob ɗinsu ba, 2014 suka ɗau kofin duniya a Brazil.

Kar wani ya ɗauka komai lafiya lau ne a nan fa, su ma suna kuka. Daga shekara 15 zuwa 18 yara zubewa suke, karatu ya yi nauyi, wani ya fara koyon sana'a, wani waya da gem sun ɗauke masa hankali, wani ya koma gidan motsa jiki. Ƙauyuka da yawa ba sa iya haɗa yara sha ɗaya su kaɗai, sai ka ga kulob biyu ko uku da suka shekara da shekaru suna hamayya sun haɗa tim ɗin yara guda. Masu aikin sa kai suna tsufa, matasa ba sa son ɗaukar nauyi. Kuma cutar nan tamu ta mai kuɗi ɗaya su ma tana kama su, wani ɗan kasuwa ya zo ya zuba kuɗi ya sayo ƴan wasa daga nesa, tim ya hau mataki biyu uku, yaran gida su ga ba su da waje su tafi, ran da ya gaji ya janye sai kulob ya faɗo babu ƴan haya babu ƴan gida. Wanda ya tsira shi ne wanda ɗan 18 ɗinsa ya san akwai tim na biyu da ke jiransa ko da bai kai na farko ba, kuma ana jawo shi tun yana 16 ya riƙa taimaka wa kocin ƙanana, ya ji cewa wajen nasa ne.

Akwai kuma abin da muka fi su nesa ba kusa ba. Yaronmu yana buga bal a lungu awa uku huɗu kullum, silifas biyu ne raga, uku da uku ko huɗu da huɗu, ƙafarsa ba ta rabuwa da ƙwallo. Na nan sau biyu a sati ne, awa ɗaya da rabi, sai an kai shi a mota. Sun gano wannan giɓin, shi ya sa daga kakar 2024 DFB ta canza tsarin ƙananan yara gaba ɗaya, aka koma biyu da biyu ko uku da uku da ƙananan raga huɗu, babu teburin maki, don kowane yaro ya taɓa bal da yawa. Abin da yaranmu ke yi kyauta a bayan gida shi suke ƙoƙarin ginawa da doka da kuɗi. Baiwa muna da ita, Najeriya sau biyar tana cin kofin duniya na ƴan ƙasa da 17, 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai ta.

Amma ina baiwar take zuwa? Tunanin kowa fita waje. Yaro yana ɗan 15 an riga an cusa masa cewa in bai tafi Turai ba ya yi asara, ejan na bogi ya zo ya karɓe kuɗin gonar babansa, alhali dokar FIFA ma ta hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa sai a wasu ƴan sharuɗɗa. Ga rage shekaru, wanda shi ne ya fi cutar da yaran gaske, don ɗan 14 na ainihi ba zai iya kokawa da ɗan 20 da aka rubuta masa 14 ba, sai ya karaya ya bari. A 2016 ƴan wasa 26 na tim ɗin Najeriya na ƴan ƙasa da 17 suka faɗi gwajin shekaru na asibiti ana dab da wasan share fagen gasar Afirka da Nijar, Nijar ta fitar da mu, ta kuma wuce har gasar duniya a Indiya a 2017.

Sannan ga kuɗi na halal da muke bari a ƙasa saboda rashin takarda. A dokar FIFA duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 a raba wa kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Yaron da ya zauna a hannunka daga 12 zuwa 15, in wata rana aka saye shi Yuro miliyan 10, rabonka Yuro dubu 100 ne. Ka yi tunanin abin da wannan zai yi wa kulob na unguwa. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Paris da ke bin diddigin kuɗin nan ya tura wa masu shi, amma abin da ke cikin rajista kawai yake gani. Kocin da ya shekara biyar yana saya wa yaro takalmi da kuɗin aljihunsa, in bai yi wa kulob rajista da hukumar ƙwallo ta jiha ba, bai yi wa yaron ba, a idon FIFA bai taɓa ganin yaron ba. Kuma ba mafarki ba ne a ce yaron zai kai can, Ahmed Musa daga wata makarantar ƙwallo a Jos ya taso, ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, ya wuce Holan da Rasha har Leicester.

Ni ban ce mu kwafo Jamus sak ba, aljihunmu ba ɗaya ba ne. Amma ƴan majalisa da ciyamomin da ke sa kofi duk lokacin da zaɓe ya matso, a raba babur da buhun shinkafa a watse, dan Allah rabin kuɗin nan a sa shi a gasar yara ta ƴan 12 da ƴan 15 da za a riƙa bugawa duk sati har shekara ta zagayo. Hukumomin ƙwallo na jiha su ce duk kulob ɗin da zai shiga gasarsu sai ya zo da tim na yara da sunayensu da takardar haihuwa. A daina yanka filayen makarantu da na unguwa ana gina shaguna, don ba fili ba kulob. Masu kulob kuma su buɗe ƙofa, tsofaffin ƴan wasa da iyaye da ƴan kasuwar unguwa kowa ya riƙa sa ko ɗari biyu a wata, a samu ma'aji da littafi, mutanen da suka iya adashi da ƙungiyar ƴan kasuwa ba wannan ne zai gagare su ba.

Kuma a je a samu iyaye a gida. Mahaifi da yawa yana hana ɗansa bal ne don yana ganin fili wajen lalacewa ne, za a rasa islamiyya a rasa boko a koyo shaye-shaye. Kocin da ya tsara tirenin bai ci karo da lokacin makaranta ba, ya tsayar da wasa aka yi sallar la'asar, ya ce duk wanda bai je aji ba ba zai sa jesi ranar Asabar ba, wannan mahaifin da kansa zai kawo masa ƙannen yaron. Shi kuma ɗan 17 da ya fara zuwa kasuwa ko ya kama tuƙin adaidaita sahu, kar a goge sunansa don ba ya samun zuwa kullum, a yi musu tim na biyu da ke bugawa ranar Juma'a da yamma ko Lahadi, a ba shi ƴan shekara 10 ya riƙa koya musu sau ɗaya a sati.